Daga asuba zuwa tara: Yadda za ki kare abincin makarantar yara a zafin Legas

Uwargida, idan a Agege kike zaune, ba sai an ba ki labarin safiyar ranar makaranta ba. Tun kafin assalatu tukunya tana kan wuta, kina yi wa wannan wanka kina neman safar wancan. Ƙarfe shida da rabi an fice, domin duk wanda ya makara ya san abin da zai tarar a Pen Cinema ko Oke-Koto ko hanyar Dopemu. Kin zuba dafa-duka da yankan kifi a roba, kin rufe, kin jefa a jaka, kin ce Allah Ya tsare.

To amma yaushe yaron zai buɗe robar nan? A yawancin makarantu sai wajen sha ɗaya ko sha biyu ake fita dogon tara. Ke nan abincin da kika sauke ƙarfe biyar da rabi zai yi awa biyar zuwa shida a rufe, daga bayan mota ko Keke zuwa lungun aji, a garin da zafin rana yake kaiwa digiri 30 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Wanda kuma yake tsayawa lesin ko ya wuce Islamiyya kai tsaye, ragowar abincinsa tana iya kaiwa la'asar.

Iyaye da kakannin da fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka zaunar a Zangon Agege ba su san wannan damuwa ba, domin makarantar allo a ƙofar gida take, yaro ya dawo ya ci tuwonsa da zafi. Yau makaranta ta yi nisa, yini ya yi tsawo, abinci kuma dole ya bi yaro. Saboda haka sanin yadda zai isa cikinsa lafiya ya zama wani ɓangare na girkin kansa.

Abin da ke faruwa a cikin robar

Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna da yanayin da suka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga digiri 5 zuwa digiri 60 nan ne dandalinsu. Ƙasa da 5, wato sanyin firij mai aiki sosai, haihuwarsu tana raguwa ƙwarai. Sama da 60, wato abinci mai tururi, ba sa iya yaɗuwa. Tsakanin nan kuwa, musamman ɗumi irin na jikin mutum, wasunsu suna ninkuwa duk bayan minti 20.

Yi lissafin da kanki. Ƙwaya ɗaya ta zama 8 cikin awa guda. Cikin awa shida ta haura 260,000. A awa ta bakwai ta wuce miliyan biyu. Shi ya sa hukumar ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage shi zuwa awa ɗaya idan zafin wuri ya haura digiri 32, wanda a Legas wannan ranar yau da kullum ce.

Abin da ya fi ruɗar iyaye shi ne, ba lallai abincin ya yi tsami ko yauƙi ko wari ba. Ƙwayoyin da ke sa miya ta ɓaci har hanci ya ji daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Shinkafa tana iya zama fes a ido, daɗinta yana nan, amma tana ɗauke da abin da zai sa yaro amai kafin a tashi makaranta. Shinshinawa da ɗanɗanawa ba gwaji ba ne.

Kuma yara ne suka fi shan wahala. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna rasuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Jikin ƙaramin yaro ba ya jure asarar ruwa kamar na babba. Amai da gudawar da babba zai sha ya miƙe, ita ce ke kai ɗan nazire gadon asibiti.

Shinkafa, miya da ɗumame

Da yake shinkafa ce sarauniyar abincin makaranta, bari mu fara da ita. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin ƙwai mai tauri wanda tafasa ba ta kashe shi. Idan shinkafa ta dahu aka bar ta tana hucewa a hankali, sai ƙwan ya farfaɗo, ya hayayyafa, ya zuba guba a cikin abincin. Gubar nan kuma zafin ɗumame ba ya karya ta. Yawanci cikin awa ɗaya zuwa shida da ci sai amai ya taso. Taliya da makaroni da indomi duk suna iya faɗawa wannan tarko.

Ta biyu ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, kuma ta fi yawa a ƙurji ko yankan da ya yi ruwa. Idan kika sa hannu kika yayyaga kaza ko kika ɓare dafaffen ƙwai bayan an sauke, kina iya saka ta ba ki sani ba. Ita ma gubarta ba ta jin wuta. Ta uku tana son miyar nama da farfesu da aka dafa da yawa aka bari a tukunya suka kwana. Ita kuma murɗar ciki da gudawa take kawowa, sau da yawa sai cikin dare ko washegari.

Darasin a nan shi ne, ɗumame yana kashe ƙwayoyin cuta idan ya yi zafi har tsakiya, amma ba ya goge ɓarnar da aka riga aka yi. Jalof ɗin da ta kwana a kan kanta ba abincin makaranta ba ce, ko da kin sake turara ta. Idan kina son rage wa kanki aikin asuba, ki raba abincin dare a ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, ki saka a firij kafin awa biyu, da safe ki ɗumama har ya yi tururi ko'ina. Sau ɗaya ake ɗumamawa. In babu tabbacin wuta a daren, gara ki dafa sabo ko ki sauya dabara.

Kula ba ta dafawa, ba ta sanyayawa

Yanzu kasuwa cike take da kuloli da jakunkunan abinci masu soso da farin leda mai ƙyalli a ciki. Suna da amfani, amma sai an fahimci aikinsu. Kula ba ta ƙirƙirar zafi, ba ta ƙirƙirar sanyi. Abin da kika ba ta shi take ƙoƙarin riƙewa. Kika zuba abinci mai tururi, ta jinkirta hucewarsa. Kika sa mai sanyi da ƙanƙara, ta jinkirta ɗumamarsa. Amma kika zuba abinci mai ɗumi-ɗumi, to kin gina wa ƙwayoyin cuta ɗakin ƙyanƙyasa, domin za ta riƙe musu daidai ɗumin da suke so har tara.

Wani bincike da aka yi a jihar Texas ta Amurka, aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2011, ya auna ƙunshin abincin rana guda 705 na yara a makarantun reno, awa ɗaya da rabi kafin lokacin ci. Cikin abinci masu saurin lalacewa da aka auna, ƙasa da kashi biyu cikin ɗari ne aka samu a yanayin da ya dace, duk da cewa fiye da rabin iyayen sun saka ƙanƙara. Wannan a ƙasar da wuta ba ta yankewa ke nan. Ashe sayen jaka mai kyau kaɗai bai wadatar ba.

Hanyoyi uku ne a gabanki kowace safiya: abinci ya tafi da zafi sosai, ko da sanyi sosai, ko ya kasance busasshe wanda bai damu da ko ɗaya ba. Ki zaɓi ɗaya. Tsaka-tsaki shi ne haɗarin.

Idan da zafi zai tafi

Ga yawancin gidajenmu wannan ce hanya mafi sauƙi, tunda cimarmu ta zafi ce kuma ba ta jiran wutar NEPA. Ki nemi ƙaramin fulas ɗin abinci na ƙarfe mai bango biyu, wanda aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Dabara ce tsohuwa, tun 1892 wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, James Dewar, ya ƙirƙiro ta, kuma har yau ta fi kular roba mai soso riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Kafin ki zuba abinci, cika fulas ɗin da tafasasshen ruwa, ki rufe na minti biyar zuwa goma, sannan ki juye. In ba haka ba, sanyin ƙarfen zai sha zafin abincin tun kafin a fita gida. Daga tukunya kai tsaye za ki zuba, yana tururi, ki rufe nan take. Kada ki ce bari ya ɗan sha iska saboda yaro. Ki zaɓi fulas daidai cikin yaron, domin wanda aka cika ya fi wanda aka zuba rabi riƙe zafi. Abinci mai ɗan ruwa-ruwa kamar faten doya, faten wake, ko shinkafa da miya a haɗe, ya fi busasshiyar soyayyar shinkafa daɗewa da zafi.

Kada ki yarda da abin da aka rubuta a kwali, ki gwada da kanki. Ranar Asabar ki zuba irin abincin da kika saba ƙarfe shida na safe, ki ajiye, ki buɗe ƙarfe sha biyu. Idan tururi ya taso kuma sai kin hura kafin ki kai baki, fulas ɗin ya ci jarrabawa. Idan ɗumi kawai kika ji, bai isa ya riƙe shinkafa da nama har tara ba. Ki riƙa maimaita gwajin duk zangon karatu, domin fulas ɗin da ya sha faɗuwa yakan daina aiki ba tare da ya nuna a jiki ba. Alamar da za ki gane ita ce, idan kin zuba ruwan zafi sai ki ji bayansa ya ɗau zafi. Ga 'yan nazire kuma, ki roƙi malama ta riƙa buɗe musu don gudun ƙuna.

Idan da sanyi zai tafi

Yogot, madarar da aka buɗe, fura da nono, dafaffen ƙwai, burodi mai haɗin kifin gwangwani ko mayonis, yankakkiyar kankana ko abarba ko gwanda, kwaɗon kabeji, duk waɗannan 'yan sanyi ne. Nan ne jaka mai soso take da rana, amma da sharaɗi.

Abincin ya kwana a firij ya yi sanyi tukuna. Jakar ba za ta sanyaya abin da aka saka da ɗumi ba. Sannan ki sa ƙanƙara biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, abincin yana tsakiya. Ba sai kin sayi ta kanti ba. Ledar fiya wata biyu da suka daskare sun wadatar, ki saka su cikin wata ledar don kada su jiƙa kaya, kuma in sun narke yaro ya samu ruwan sha mai sanyi. Idan ƙanƙarar unguwa kika saya wadda ba ki san ruwanta ba, ki bar ta a ɗaure, ta sanyaya daga waje kawai, kada ruwanta ya taɓa abinci. Ki cike gurbin da ya rage a jakar da ƙaramin tawul mai tsafta, domin iskar da ke yawo a ciki ita ke cinye sanyi.

Gwajin nan ma mai sauƙi ne: ki tambayi yaro ko malama, shin a lokacin tara akwai sauran ƙanƙara a ledar? In ta narke tas ruwan har ya yi ɗumi, to sanyin ya ƙare tun da hantsi. Kuma kada ki haɗa robar abinci mai zafi da ƙanƙara a aljihu ɗaya, kowanne zai kashe ɗan uwansa, a tashi babu zafi babu sanyi.

Wata za ta ce, ai a gida Arewa da randa da jiƙaƙƙen buhu muke sanyaya abu. Gaskiya ne, har wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Sai dai wannan dabara da busasshiyar iska take aiki, irin ta Dutse ko Katsina. Iskar Legas cike take da laima, ruwa ba ya saurin bushewa balle ya janye zafi. Nannaɗe roba da jiƙaƙƙen tsumma a nan ba ya maye gurbin ƙanƙara.

Ranar da babu wuta

Firij da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi na kimanin awa huɗu ne idan ba a buɗe shi ba. Idan tun magariba aka ɗauke har gari ya waye, kada ki ɗauki abin da ke ciki a matsayin mai sanyi. Ranar irin wannan, ko ranar da kika makara, busasshen abinci ne mafita, kuma mu Hausawa ba baƙinsa ba ne. Fataken da suka riƙa ratsa daji zuwa Kurmi da Gwanja da guzurin da ba ya lalacewa suke tafiya.

Burodin Agege da man gyaɗa ko zuma, dambun nama da ya soyu ya bushe sosai, kilishi, ƙuli-ƙuli, cincin, dubulan, alkaki, dabino, soyayyar gyaɗa ga waɗanda suka girma, ayaba da lemo da tuffa da ba a yanka ba, da madarar kwali da ba a buɗe ba. Waɗannan za su kai la'asar lafiya. Ki ciyar da yaro abinci mai nauyi da zafinsa kafin ya fita, busasshen ya riƙe shi, in ya dawo ya tarar da na rana. Wanda zai wuce Islamiyya kuwa, ki koya masa ya cinye dafaffen a taran farko, ya bar busasshen na yamma. 'Yan ƙasa da shekara biyar a kiyaye ba su gyaɗa ko aya guda-guda saboda shaƙewa.

Ƙosai da awara da alale suna yaudara. Ganin an soya ko an turara sai a ɗauka ba sa lalacewa, alhali cikinsu danshi ne da sinadarin gina jiki, abin da ƙwayoyin cuta ke nema. Alale ta shiga fulas da zafinta, ƙosai da awara kuma a ci da wuri.

Gorar ruwa da abin sha

Kunun aya da kunun zaƙi da madarar waken suya ba sa jure zafi ko kaɗan. In za ki ba yaro, ki haɗa da tafasasshen ruwa ko wanda kika amince da shi, ki daskarar da shi a gora, ya narke a hanya. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, jami'an lafiya na jihar sun bayyana cewa wasu daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun ce sun sha wani kunun aya na gora wanda ba shi da rajistar NAFDAC. Ki ja wa yaro kunne a kan abin shan da ake ɗurawa a tsofaffin gorunan da aka tsinto. Ruwa mai tsafta daga gida ya fi komai.

Bayan an dawo

Ragowar dafaffen abincin da ya yini a jaka ba na ƙani ba ne, ba na mai aiki ba ne, ba na almajiri ba ne. Zubarwa za a yi. Zuciya ba ta so, ga tsadar shinkafa, amma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya fi loma biyar ɗin nan. In kullum sai an rage, to ki rage yawan abin da kike zubawa.

Ki wanke fulas da roba da cokali da ruwan ɗumi da sabulu a ranar, ba washegari da asuba ba. Ki cire robar da ke zagaye da murfi ki wanke ƙarƙashinta, nan maiƙo da baƙin funfuna ke ɓuya. Bakin gorar ruwa da tsinken zuƙarta suna son ƙaramin buroshi. Cikin jakar a goge da sabulu, a bar ta a buɗe ta bushe inda kyankyaso da ɓera ba sa kaiwa. Robar da ta tsage ko ta kakkarce ta gama aiki. Farar robar cin-ka-yar kuwa, wadda gwamnatin Legas ta haramta tun Janairun 2024, dama ba ta riƙe zafin kirki. Ke ma kafin zuba abinci ki wanke hannu da sabulu, ki yi amfani da cokali, in akwai yanka a yatsa ki rufe shi.

Maigida da makaranta

Maigida, kai ma da naka. Fulas mai kyau ya fi na roba tsada, amma araha ba ta ado, kuma wanda ya yi shekara biyu yana aiki ya fi guda huɗu da aka zubar. In kai ke kai yara, kada jakar abinci ta zauna a but ko a gaban gilashi inda rana ke duka. A taron iyaye da malamai kuma ku tambaya: ina ake ajiye jakunkunan abinci, a inuwa ko a bakin taga? Akwai ruwa da sabulu na wanke hannu kafin ci? Ƙarfe nawa 'yan nazire ke cin abinci, kuma za a iya matso da shi? Waɗannan ba sa cin kuɗi, magana kawai suke so.

Idan abin ya riga ya faru

Yaro ya dawo da amai ko gudawa, abu na farko shi ne mayar masa da ruwan da yake rasawa. Ki haɗa ORS yadda aka rubuta a jikin ledar, da ruwa mai tsafta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba. Ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi abinci, kuma kada a saya masa Flagyl ko kafso ko maganin tsayar da gudawa a kemis ba da umarnin likita ba.

A garzaya asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko amai ya hana komai zama, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi ba ya iya sha. Cibiyar lafiya ta unguwa, Babban Asibitin Orile-Agege da LASUTH a Ikeja duk suna kusa, lambar gaggawa ta Legas kuma 112 ce ko 767. Ki tuna abin da ya ci da lokacin da ya ci, ki kuma sanar da makaranta ko akwai wasu yaran da suka kamu.

Gobe da asuba, kafin ki rufe murfin nan, ki yi wa kanki tambaya ɗaya: ƙarfe sha biyu, wannan abincin zai kasance da tururinsa, ko da ƙanƙararsa, ko busasshe ne? In amsar ba ɗaya daga cikin ukun ba ce, ki sauya shi tun yaro bai sa takalmi ba.